BABI NA UKU: NOMAN ALKAMA DA KAKARTA A ƘASAR KANO, DAGA FADAMA ZUWA KASUWANNIN FAGGE DA SABON GARI

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin noman alkama a ƙasar Kano, da yadda kakarta take gudana, tare da danganta wannan tarihi da unguwanni biyu na wajen badala, wato Fagge da Sabon Gari. Da jin haka mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa alkama da waɗannan unguwanni alhali babu fangali ko ɗaya a Kantin Kwari, balle a Kasuwar Singa? Amsar ita ce, a nan ake cin alkama, a nan ake sayar da garinta buhu-buhu, kuma a nan ake canjin kuɗin da ake sayo ta da su daga ƙasashen waje. Abin da babin yake son nunawa shi ne, ƙasa da ruwa da sanyi duk suna da nasu tasiri, amma tun daga shekarun 1970 abin da ya fi yanke wa manomin Kadawa shawarar ya shuka alkama ko ya bar ta shi ne farashin buhun fulawa a waɗannan kasuwanni.

3.1 Alkama Kafin Zuwan Turawa

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, amma ba ta taɓa zama 'yar gida kamar gero da dawa ba. Sunanta ma ya nuna hanyar da ta biyo, domin kalmar ta samo asali ne daga Larabci. Haka kuma sunayen manyan abincin da ake yi da ita, kamar gurasa da alkaki, duk aro ne daga Larabci. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani na cinikin Sahara, wanda ya haɗa Kano da Gadamas da Tarabulus tun ƙarnuka da dama. Fataken Larabawa da suka zauna a cikin birni, musamman a Dandalin Turawa, sun zo da al'adarsu ta cin gurasa. Ya kamata a tuna cewa a wancan zamani kalmar "Turawa" Larabawa take nufi, kafin daga baya ta koma kan mutanen Turai. Matafiya irin su Clapperton, wanda ya iso Kano a 1824, da Barth, wanda ya zo a 1851, sun ambaci alkama a cikin abubuwan da suka gani ana nomawa da ban-ruwa a Barno da ƙasar Hausa, kuma tana tafiya ne tare da albasa a lambuna.

Yadda ake noman nata a lokacin ya cancanci a tsaya a kansa, saboda shi ne zai bayyana abin da ya faru daga baya. Alkama ba ta jure zafi da laimar damina, don haka sai da rani ake shuka ta, a fadama ko a bakin rafi, bayan ruwa ya janye. Manomi yakan yanka ƙasar fangali-fangali, ya haƙa rijiya marar zurfi, ya kafa jigo, ya yini yana ɗebo ruwa da guga yana zubawa a kwalbatin ƙasa da ya tsaga. Mutum ɗaya da jigo ɗaya ba zai iya shayar da fili mai faɗi ba, ko da kuwa ƙarfinsa ya kai na ingarma. Saboda haka gonar alkama ƙarama ce, abin da ake samu kaɗan ne, tsadarta kuwa ta fi ta kowane irin hatsi. Masu sayenta su ne fada da attajirai da Larabawa, sai kuma talaka idan hidima ta kama shi, kamar ranar sallah, ko lokacin haɗa gara, inda alkaki yake cikin abubuwan da ake auna darajar gidan amarya da su. Mata ne suke niƙa ta a dutsen niƙa, su tankaɗe, su yi finkaso ko dashishi ko taliyar hannu, masu gurasa kuma su gasa tasu a tanderu.

A nan ne Fagge ta fara shigowa cikin labarin. Tun kafin jihadi wannan unguwa zango ce ta baƙi, inda ayarin Buzaye da raƙumansu suke sauka a wajen ganuwa, su shiga Kasuwar Kurmi da safe su fito da yamma. Wuri ne da aka saba da baƙo da abincin baƙo. Wannan hali nata bai sauya ba har bayan da raƙumi ya ba jirgin ƙasa wuri.

3.2 Jirgin Ƙasa, Sabon Gari da Burodi

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. A 1911 layin dogo ya iso daga kudu, kuma a wannan shekara ce Italiya ta kai wa Tarabulus hari, abin da ya ƙara durƙusar da cinikin Sahara wanda da ma ya riga ya yi rauni. Ke nan a shekara guda ƙofar arewa ta fara rufewa, ta kudu ta buɗe. A 1913 aka keɓe Sabon Gari domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da leburorin kamfanoni, mafi yawansu Yarabawa da Ibo da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Su kuwa Kwarori da wasu Larabawa suka kafa kantuna da gidaje a Fagge ta Kudu, a yankin da Kantin Kwari yake a yau.

Mazauna Sabon Gari sun zo da wani abinci na alkama dabam, wato burodi. A Ikko aka fara sana'ar, a hannun 'yantattun bayi da suka dawo daga Burazil da kuma mutanen tsibiran Karibiyan, cikinsu har da Amos Shackleford ɗan ƙasar Jamaika, wanda ya yi suna a harkar a shekarun 1920. Kilby (1965) ya bi tarihin wannan sana'a da yadda ta bi layin dogo zuwa sauran garuruwa. Abin lura a nan shi ne, burodi ba da alkamar fadama ake yin sa ba. Da farar fulawa ake yi, wadda kamfanonin Turawa suke kawowa a buhu ta jirgin ruwa. Tun daga wannan lokaci Kano ta zama tana da alkama iri biyu waɗanda ba su san juna ba. Ga ta fadama, mai shiga birni a kan jaki ana auna ta da mudu, ga kuma ta jirgi, mai sauka a tasha ta wuce gidajen burodin Sabon Gari.

Da farko Bahaushe ya ɗauki burodi abincin ma'aikata ne da 'yan boko. Wanda ya kusantar da shi ga talaka shi ne mai shayi. Teburin mai shayi a bakin tasha da bakin kasuwa ya dace da rayuwar ɗan dako da direba da leburan kamfani, mutanen da suke fita kafin a ɗora tukunya a gida, ko kuma waɗanda ba su da gidan ma gaba ɗaya. Burodi ba ya bukatar wuta, yana kwana bai lalace ba, ana iya yanka shi daidai kuɗin mutum. Fagge, da yake unguwa ce ta 'yan ci-rani da gwagware da masu harkar mota, ta karɓe shi da wuri. Bayan rikicin 1966, lokacin da Ibo da yawa suka bar Kano, 'yan ƙasa suka shiga sana'o'in da aka bari, gashin burodi yana daga ciki.

Ta fuskar niƙa kuwa, kamfanin Flour Mills of Nigeria ya buɗe injinsa a Apapa a 1962, wato daga nan aka koma shigo da ƙwayar alkama ana niƙa ta a gida. An yi wa Northern Nigeria Flour Mills rajista a 1971, ya kuma fara aiki a Bompai a tsakiyar shekarun 1970. Alkamar da yake niƙawa daga tashar jiragen ruwan Ikko ake ɗauko ta, tafiyar fiye da kilomita 1,000. Abubuwa uku suka haɗu a waɗannan shekaru suka sa cin burodi ya yi tashin gwauron zabo. Farin 1972 zuwa 1974 ya sa gero da dawa sun yi tsada. Kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji sun cika aljihun ma'aikata, ƙauyawa kuma suka yi ta kwararowa birni. Sannan darajar naira ta yi sama ƙwarai, har ta fi dala, ta yadda abin da aka sayo daga waje ya fi na gida araha. A wajen 1970 alkamar da Nijeriya take shigowa da ita ba ta kai tan 300,000 ba a shekara, amma a farkon shekarun 1980 ta kai kimanin tan miliyan ɗaya da rabi, kuma mafi yawanta daga Amurka. Wannan hali ne Andrae da Beckman (1985) suka kira tarkon alkama a littafinsu mai suna The Wheat Trap, wanda wani ɓangare mai yawa na bincikensa a Kano aka yi shi.

3.3 Tiga da Kadawa

Tunanin a noma alkamar burodi a gida ya girmi jihar Kano, domin tun a ƙarshen shekarun 1950 da farkon 1960 gwamnatin Jihar Arewa ta gwada ƙananan ayyukan ban-ruwa a Wurno da bakin kogin Yobe da Gamboru. Amma wanda ya ɗauki abin da girma shi ne Audu Bako, gwamnan farko na jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975. A zamaninsa aka gina madatsar Bagauda, aka buɗe gonar gwaji a Kadawa tare da shawarar kamfanin NEDECO na ƙasar Holan, sannan aka kammala madatsar Tiga a 1974. Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddan kudancin jihar, a gindin tsaunukan Filato, kuma an tare shi a Tiga kimanin kilomita 70 kudu da birni. A lokacin da aka kammala madatsar, tafkin da ya taru yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Hikimar aikin ita ce, da yake Tiga tana kan tudu, filayen Kura da Bunkure da Garun Malam kuma suna ƙasa da ita, ruwan yana gangarowa da kansa ta babbar hanyar ruwa ba tare da inji ba. An tsara kashin farko zai shayar da kadada 22,000, amma abin da aka kammala a shekarun 1980 bai wuce kimanin 15,000 ba. Daga 1976 aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta gwamnatin tarayya.

Idan aka kwatanta da jigo, wannan canji ne mai girman gaske, kuma rashin adalci ne a ce aikin bai amfani kowa ba. Ƙauyukan da a da matasansu suke watsewa ci-rani da zarar an gama kaka sun samu abin yi shekara zagaye. Sai dai an biya farashi. Mutane fiye da 10,000 aka tayar daga garuruwansu domin tafkin, aka mayar da su wuraren da ƙasarsu ba ta kai ta da ba. Manoman da ke ƙasa da madatsar, har zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, suka ga ambaliyar da suke dogara da ita ta ragu. A cikin aikin kansa, an karɓi gonaki an baje su da katafila, aka mayar wa masu su bayan an cire wani kaso domin hanyoyin ruwa da na mota. Binciken da Tina Wallace ta yi a yankin a ƙarshen shekarun 1970, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ya nuna cewa ƙananan manoma da dama ba su iya ɗaukar kuɗin tarakta da taki da iri da na ruwa da na ƙwadago ba, sai suka riƙa ba da hayar gonakinsu da rani ga masu hali, cikinsu har da 'yan kasuwa da ma'aikatan gwamnati daga birnin Kano.

Babbar matsalar alkama a Kadawa ta kalanda ce, kuma a ganin mai wannan nazari ita ce masu tsara aikin suka fi rainawa. Alkama tana bukatar sanyin hunturu, musamman na dare, daga tsirowarta har ta fitar da kai. A Kano wannan sanyi gajere ne, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Irin da aka kawo daga Meziko, kamar Siete Cerros, yana ɗaukar wajen kwana 110 zuwa 120 kafin ya nuna. Lissafin a fili yake, wato dole iri ya shiga ƙasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya makara har ƙarshen Disamba ko Janairu, alkamarsa za ta zo zuba ƙwaya a daidai lokacin da zafin Maris ya kankama, ƙwayar ta motse, a cika buhu amma babu nauyi. To, a tsakiyar Nuwamba me ke cikin gonar Bakano? Dawa ce, kuma ba ta isa yanka ba tukuna. Hukuma ta so manoma su bar dawa su koma masara ko wani abin da ake cirewa da wuri. Manomi kuwa ya san dawa ita ce tuwon gidansa na shekara, karanta shi ne danninsa da makamashinsa da abincin dabbarsa. A ce ya bar ta saboda amfanin da ba ya ci, wanda kuma bai san nawa za a saya ba, wannan ba shawara ce da mai iyali zai karɓa da sauƙi ba. An sha kiran wannan hali da sunan jahilci ko taurin kai a bakin jami'ai, alhali lissafi ne na mutumin da ya ga yunwar 1973 da idonsa. Ko wanda ya yarda ya cire amfaninsa da wuri, sai ya jira layin taraktar hukuma, kuma taraktocin ba su isa kowa a cikin makonni uku ba.

3.4 Yadda Kakar Take Gudana

Kakar alkama ta saɓa da kakar da Bahaushe ya sani. Ita tana zuwa ne a watan Maris zuwa farkon Afrilu, wato a bakin bazara, lokacin da rumbuna suka fara sauka kuma rana ta fi zafi. Idan zangarniya ta rine ta zama ruwan zinariya, akan yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin girbi domin ƙasa ta bushe. A wannan tsakani aikin yara shi ne korar tsuntsaye, musamman jan-baki, wanda garkensa guda yana iya tashi da wahalar wata huɗu a cikin 'yan kwanaki. Akan ɗaura igiyoyi da gwangwanaye a gona, yaro ya zauna a kan dakali yana ja yana ihu tun asuba.

Yanka da lauje ake yi, kuma da sassafe, saboda idan rana ta take kan alkama yakan bushe ƙwarai har ƙwaya ta riƙa zubewa. Akan ɗaure ta dami-dami a tara a wuri guda da aka share ko aka shimfiɗa wa tamfol. Daga nan sai bugu, ko dai da sanduna, ko a riƙa fyaɗa damin a jikin duro, masu hali kuma su ɗauko injin sussuka ko su sa tarakta ta bi ta kai. Shiƙa aikin mata ne, da ƙwarya da faifai, suna bin iska, kuma sau da yawa da alkamar ake biyan su. Bayan an kwashe, tsofaffi da yara su shiga kala, shanun Fulani kuma su shiga cin kara da ƙaiƙayi. Duk wannan aiki yana cin hannu da yawa a cikin ɗan lokaci, don haka kuɗin ƙwadago yakan tashi, kuma 'yan ci-rani daga arewacin jihar da Jamhuriyar Nijar su ne suke cike giɓin. Har a wajen zakka sabon tsarin ya kawo abin tattaunawa, domin a fiƙihun Malikiyya abin da aka shayar da wahala, kamar jigo, rabin ushiri ake fitarwa, wanda kuwa ruwa ya gangaro masa da kansa ushiri cikakke ne.

Abin da aka saba samu a kadada bai cika wuce tan ɗaya da rabi zuwa biyu ba, ƙasa da abin da gonar gwaji take bayarwa. A nan ya kamata a dubi abokin gasar manomin Kadawa. Alkamar da take sauka a Apapa a lokacin ta fito ne daga filayen tsakiyar Amurka, irin su Kansas da Oklahoma, inda ake shuka ta kafin sanyi, ruwan sama da ƙanƙara su shayar da ita kyauta, a girbe ta a watan Yuni ko Yuli da inji guda mai yanka da sussuka da shiƙa a tafiya ɗaya. Iyali guda a can suna iya noma ɗaruruwan kadada, gwamnatinsu kuma tana tallafa musu. Mai lauje da duro, wanda gonarsa ba ta wuce kadada ɗaya ko biyu ba, da wannan aka ce ya yi gasar farashi.

Saboda haka idan buhunan Kadawa suka iso Kano, ba Bompai suke nufa ba. Kamfanin niƙa yana auna farashinsa da na alkamar jirgi, wanda bai biya wa manomi kuɗin da ya kashe ba. Masu gidajen burodi kuma sun fi son fulawar waje, domin ta fi danƙo, ta fi kumbura, ana samun burodi mai yawa a buhu. Wanda yake sayen alkamar gida da daraja shi ne tsohon mai sayenta, wato mai taliya da mai alkaki da mai finkaso, ta hannun dillalan hatsi da 'yan awo. Ke nan an kashe miliyoyin naira an gina madatsa domin a ciyar da tanderun Sabon Gari, amma abin da aka noma ya koma kasuwar da jigo yake ciyarwa tun zamanin Barth. Wannan kasuwa kuwa ƙarama ce, da an cika ta farashi yake faɗuwa. Manoman da suka gane haka suka karkata ga tumatir, wanda motoci suke lodi a Kwanar Gafan zuwa kudu, da kuma shinkafa, wadda ta mayar da Kura garin masu casa. Duk da shirin ciyar da ƙasa na 1976 da juyin noma na Shagari na 1980, alkamar da aka noma a Nijeriya baki ɗaya ba ta kai kashi 5 cikin 100 na wadda ake ci ba.

3.5 Shekarun Hani, 1987 zuwa 1992

Faɗuwar farashin man fetur ce ta kawo abin da shirye-shiryen gwamnati suka kasa kawowa. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shiga shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira, sannan daga Janairun 1987 aka hana shigo da alkama gaba ɗaya. Dala wadda ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira 4 a 1987, ta kai wajen naira 17 a 1992. A Fagge an ga wannan canji ta fuska biyu a lokaci guda, domin 'yan canjin Wapa da dilolin fulawa na Singa tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu. Fulawa ta yi wuya, burodi ya ƙanƙance ya kuma yi tsada, gidajen burodi da dama suka rufe ko suka rage ma'aikata, wasu suka shiga gauraya garin masara. Kamfanonin niƙa ma suka juya ga masara domin kada injinansu su tsaya cik.

A gona kuwa wannan shi ne lokacin da alkama ta fi kowane amfani riba. Kamfanonin da a da suke yi wa alkamar gida kallon raini suka shiga neman ta har ƙauye. Hukumar KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da rancen Bankin Duniya, ta riga ta fara sayar da ƙananan injinan ban-ruwa masu amfani da fetur a kan rangwame, tare da haƙa rijiyoyin burtsatse marasa zurfi a fadamu. Wannan ɗan inji, wanda mutum zai ɗaura a bayan keke, ya yi wa noman alkama abin da Tiga ba ta yi ba, saboda ya kai ban-ruwa duk inda fadama take, kuma mai shi ba ya jiran ranar da hukuma za ta saki ruwa. Shi ne ya yi wa jigo ritaya. Wani abin da ya dace da manoma shi ne, a waɗannan shekaru azumi ya riƙa faɗowa a kan kakar ko jim kaɗan bayanta, daga ƙarshen Afrilu a 1987 har ya gangaro farkon Maris a 1992. Yankan alkama da ƙishirwa a zafin Maris ba ƙaramar wahala ba ce, amma sabuwar alkama tana isa kasuwa a daidai lokacin da bukatar gurasa da finkaso da alkakin sallah ta fi yawa.

Sai dai bunƙasar tana da nata aibi. Kimmage (1991), wanda ya yi nazari a fadamun Haɗeja da Nguru, ya nuna yadda masu kuɗi da masu muƙami suka ruga suka share dazuzzuka da makiyaya domin alkama, a ƙasar da ba za ta jure noman ba sai na 'yan shekaru, da yadda hakan ya hura wutar rikici tsakanin manoma da makiyaya. Ya kuma nuna shakka a kan alƙaluman da hukumomi suke bayarwa na yawan abin da aka noma. Ban da wannan, hanin bai taɓa rufe ƙofa ruf ba. Fulawar fasa-ƙwauri ta riƙa shigowa ta iyakokin Binin da Nijar da Kamaru, a buhunan da ke ɗauke da rubutun Faransanci, kuma a kasuwannin Kano take ƙarewa. Ita ce ta riƙe gidajen burodin da suka rage, ita ce kuma ta sa wa farashin manomi iyaka. Da matsin lambar Amurka da na kamfanonin niƙa da kukan mazauna birane suka taru, sai aka ɗage hanin a ƙarshen 1992. Cikin kaka ɗaya ko biyu masu manyan gonakin suka watse, manoman Kadawa kuma suka koma ga shinkafarsu da tumatirinsu.

3.6 Bayan Ɗage Hani

Gwamnatocin da suka biyo baya sun sake gwada hanyoyi dabam-dabam. An umarci a riƙa gauraya garin rogo a fulawa a zamanin Obasanjo, aka sake tayar da maganar a 2012. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta fitar da irin da ya fi jure zafi, kamar Norman da Reyna 28, sai dai rikicin Boko Haram ya tsayar da noma a filayen Barno na tsawon shekaru. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa da alkama rance. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi safiyo a kan noman alkama na 2021, abin da ta samu a ƙasar baki ɗaya kimanin tan 37,000 ne, jihar Kano ce a kan gaba, alhali abin da ake shigowa da shi a shekara ya kai tan miliyan 5 ko fiye.

A wannan tsakani tsohuwar kasuwar alkamar gida ma ta sauya. Taliyar kamfani ta leda ta ci kasuwar taliyar hannu, kuma mafi yawan gurasar da ake sayarwa a Fagge da cikin birni ta koma ta farar fulawa, ta alkama zalla ta zama ta masu neman ta musamman. Wato abincin da Larabawan Dandalin Turawa suka kawo, wanda ya rayu ɗaruruwan shekaru a kan alkamar fadama, shi ma ya rataya a kan jirgin ruwa da farashin dala. Yaƙin Rasha da Yukren na 2022 ya ɗaga farashin alkama a duniya, aka kuma saki naira a 2023 har dala ta kai wajen naira 1,500 a farkon 2024. A watan Fabrairu na wannan shekara mata masu gasa gurasa a birnin Kano suka fito zanga-zanga a kan tsadar buhun fulawa, suna cewa da yawansu sun kashe tanderu, kuma a daidai lokacin alkamar Kadawa tana gona, saura mata 'yan makonni a sa mata lauje.